Daga Dusar Ƙanƙara Zuwa Rairayin Damagaram: Tarihin Abin Hawan Da Ba Ya Nutsewa

A shekarar 1906 wani matashin jami'in mulkin mallaka mai suna Hanns Vischer, haifaffen birnin Basel na ƙasar Siwizalan, ya taso daga Tarabulus da ayarin raƙuma, ya biyo ta Murzuk da Bilma har ya sauka Borno. Shi ne wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, kuma gidansa na ƙasa yana nan tsaye a unguwar har gobe. Lokacin da ya yi wannan tafiya an riga an san mota a Turai, amma ba mai hankalin da zai ce zai shiga Sahara da ita, domin siririyar tayar wancan zamani da ta taɓa rairayi sai ta shiga tona wa kanta rami. Bayan shekara 16 inji ya shiga hamadar ya fita ta ɗaya gefen, bayan wasu biyu kuma ya ratsa ƙasar Hausa ta Nijar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙafar da injin ya taka rairayin da ita a garejin Sarkin Rasha aka ƙirƙiro ta, don dusar ƙanƙara, kuma wannan dabara ce daga baya ta zama babur ɗin da ake hawan duwatsun Kanada da Amurka da shi cikin hunturu. Bakano zai ce ina ruwan biri da gada, tunda ko a tsakiyar sanyin Janairu ba a taɓa ganin dusar ƙanƙara a kan Dala ba. Ni kuwa ina ganin tarihin wannan babur ya fi kusa da makanikan Ƙofar Ruwa a Kano fiye da yadda ake zato, domin a kowane mataki abu guda yake nunawa: abin hawan da zai bi muguwar ƙasa a hannun bakaniken da ke zaune a ƙasar yake samun siffarsa, kamfani daga baya yake zuwa ya kwafa.

Matsalar iri ɗaya ce a wuraren biyu. Abin da ke sa abu ya nutse, ko a rairayi ko a dusar ƙanƙara, shi ne nauyi mai yawa ya taru a ɗan ƙaramin wuri. Duk wanda ya lura da tafin raƙumi ya ga maganin: in ya taka sai tafin ya baje, nauyin ya rarrabu, shi ya sa yake wucewa da kaya inda doki zai kafe. Mai ƙera mota yana da hanya biyu ta kwaikwayon wannan. Ko ya faɗaɗa taya ya rage mata iska don ta kwanta, ko kuma ya shimfiɗa wa motar hanyar da za ta riƙa naɗewa tana tafiya da ita, wato sarƙa irin ta katafila. Sarƙar ƙarfe tana da nauyi, ga ƙara, ga rashin sauri. Wanda ya mayar da ita bel mai lanƙwasa shi ne Adolphe Kégresse, Bafaranshe haifaffen 1879, wanda ya riƙe garejin Sarki Nikolas na Biyu a Tsarskoye Selo daga 1906 har juyin juya halin 1917. Sarkin yana son fita farauta cikin hunturu, motocinsa masu tsada kuwa ba sa iya wuce ƙofar fada. Kégresse ya cire tayoyin baya, ya sa jerin ƙananan ƙafafu da bel ya kewaye su, ya ɗaura katakon zamiya a ƙarƙashin tayoyin gaba, ya yi rajistar fasahar a 1913. Mulki ya sauya amma dabarar ba ta mutu ba, domin Lenin da kansa ya hau Rolls-Royce mai irin wannan ƙafa, kuma motar tana ajiye a Gorki har yanzu.

Da Kégresse ya koma Faransa sai ya haɗu da André Citroën, mutumin da ya san darajar talla fiye da kowa a zamaninsa. Citroën ya ga cewa in ƙafar ta yi aiki a ƙanƙara, babu abin da zai hana a gwada ta a hamadar da Faransa ke mulka. Ranar 17 ga Disamba 1922 motoci biyar suka tashi daga Touggourt ta Aljeriya ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka shiga Tumbuktu ranar 7 ga Janairu 1923, tafiyar da ta haura kilomita 3,000. A 28 ga Oktoba 1924 aka sake fita da motoci takwas daga Colomb-Béchar, wannan karon da niyyar ratsa nahiyar gaba ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare sun sauko Yamai, sun miƙe gabas ta Tasawa da Damagaram zuwa Tafkin Cadi, kuma ba su tsaya ba sai Madagaska a Yunin 1925. Léon Poirier ya ɗauki fim, mai zane Alexandre Iacovleff kuma ya zana sarakuna da mahayan da suka tarye su a hanya, shi ya sa fuskokin mutanen Tasawa da Damagaram na wancan lokaci suke cikin kundin tarihin wani kamfanin mota na Faris. Fim ɗin bai damu da nuna cewa tun kafin motocin su taso an riga an jibge musu mai da kayan gyara a zango-zango ba, kuma makanikai ne mafi yawan mutanen ayarin.

A nan ne labarin ya juya, kuma juyin shi ne hujja ta farko. Bel ɗin da ya dace da ƙanƙara bai dace da Sahara ba. Dusar ƙanƙara tana sanyaya roba tana kuma rage mata gogayya, rairayi mai zafi da tsakuwar hamada kuwa cin ta suke yi, ga shi motocin ba su da sauri. Kamfanin Renault ya fito da motoci masu gatari uku da tayoyi bibbiyu, kuma a farkon 1924 ayarin Gaston Gradis da 'yan gidan Estienne suka nuna cewa taya ta fi bel gudu a wannan ƙasa. Shirin Citroën na jigilar masu yawon buɗe ido zuwa Tumbuktu an soke shi a Janairun 1925, ana gab da buɗe shi. Motocin da suka riƙa safara daga Aljas ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram zuwa Kano a shekarun 1930 masu taya ne. A can Masar wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, da abokansa sun ɗauki ƙananan motocin Ford da kowa ke iya saya, suka koyi rage iskar taya, suka riƙa ɗaukar faifan ƙarfe da ake turawa ƙarƙashin taya in ta kafe, suka haɗa bututu daga lagireto zuwa wani gwangwani don tururin da ya fita ya koma ruwa ya dawo. Da waɗannan 'yan gyare-gyare suka shiga tudun rairayin da ake cewa mota ba ta shiga. Ita kuwa ƙafar Kégresse, da wani attajiri Charles Bedaux ya kai motoci biyar arewa maso yammacin Kanada a 1934, laka ce ta ci su har aka watsar da su a daji. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, inji ma haka.

A shekarar da motocin Bedaux ke nutsewa a yammacin Kanada, a gabashinta wani bakanike yana cikin makoki. Joseph-Armand Bombardier ɗan ƙauyen Valcourt ne a lardin Kebek, an haife shi a 1907. Yana da shekara 15 ya ɗora injin tsohuwar Ford a kan katakon zamiya ya sa masa farfela, a 1926 kuma ya buɗe garejinsa a ƙauyen. A hunturun 1934 ɗansa mai shekara biyu ya kamu da ciwon ciki mai buƙatar tiyata, dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu. A shekarar da ta biyo baya Bombardier ya warware abin da ya daɗe yana ba shi wuya, wato yadda inji zai ja bel ba tare da santsi ko tsinkewa ba: ƙafa mai haƙora da aka lulluɓe da roba, tana kama sandunan ƙarfen da suka haɗa bel biyu. Ya yi rajista a 1937, ya fara sayar da mota mai ɗaukar mutum bakwai ga likitoci da limaman coci da masu kai wasiƙu, ya kafa kamfani a 1942. Ba shi kaɗai ba ne. Virgil White, dillalin Ford a jihar New Hampshire, tun 1917 ya yi rajistar kayan da ake ɗaura wa Ford ta bi ƙanƙara. Carl Eliason na ƙauyen Sayner a Wisconsin, wanda lalurar ƙafa ta hana shi bin abokansa farauta, ya haɗa nasa a 1924 da injin kwalekwale mai ƙarfin doki biyu da rabi da sassan keke. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fito daga sashen bincike na wani babban kamfani.

Na Polaris ma ya fi ba da dariya. A garin Roseau na Minnesota akwai wani ƙaramin shagon ƙera kayan noma na Edgar Hetteen da ƙaninsa Allan da David Johnson, wanda ya zama kamfanin Polaris. A tsakiyar shekarun 1950, Edgar ya yi tafiya, sai Johnson ya haɗa wani abu da sarƙar injin loda hatsi da ƙaramin injin Briggs & Stratton, ya yanka bambar tsohuwar Chevrolet ya yi abin zamiya da ita. Edgar ya dawo ransa a ɓace don an ɓata lokacin aiki, amma da aka sayar da abin aka samu kuɗin biyan ma'aikata sai ra'ayi ya sauya. A 1960 ya yi tafiyar mil 1,200 a Alaska don nuna ƙarfin injin, masu hannun jari suka ga wasa yake da dukiyarsu, ya bar kamfanin ya kafa wanda ya zama Arctic Cat. Shi kuwa Bombardier, gwamnatin Kebek ce ta tura shi ga ƙaramin babur ba da niyya ba, domin a ƙarshen shekarun 1940 ta fara share dusar ƙanƙara daga hanyoyin karkara, cinikin manyan motocinsa ya faɗi. A 1959 ya fito da Ski-Doo, mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, wanda a 1968 ya kai Ralph Plaisted da abokansa ƙuryar arewacin duniya. Kasuwa ta buɗe har kamfanoni sama da 100 suka shiga, a 1971 aka sayar da kusan rabin miliyan, sannan tsadar mai ta 1973 da 'yan shekarun ƙarancin ƙanƙara suka share su saura huɗu: Bombardier, Polaris, Arctic Cat da Yamaha.

A lokacin waɗannan huɗun don fili da daskararren tafki suke ƙera baburansu, domin can masu saye suka fi yawa. Mutanen tsaunukan Rocky, a Wyoming da Idaho da Montana da British Columbia, ƙasarsu daban ce. Dusar da ke zuba a can busasshiya ce, marar nauyi, tana iya kai wa mutum ƙirji, ga gangare mai tsayi. Babur ɗin fili in ya shige ta sai ya tona rami ya zauna. Don haka suka shiga garejin bayan gida. Abu na farko shi ne bel: a ƙara wa ƙashin bayan babur tsawo, a sauya sandunan da bel ke gudana a kansu, a sa bel mai tsawo don nauyin ya baje. Na biyu haƙoran bel, waɗanda a fili gajeru ne, a kan dutse kuwa dole su zama kamar cebur masu kwasar dusa suna watsawa baya, har wasu suka riƙa ɗaura nasu da noti kafin kamfanonin roba su fara zuba su a jikin bel. Na uku rage nauyi, inda ake cire duk abin da babur zai iya tafiya ba shi, a sauya salansa da mara nauyi, a rage kujera. Na huɗu kuwa ya saɓa wa hankalin mai babur ɗin fili, domin shi faɗi yake so tsakanin katakon zamiya biyu na gaba don kada ya kife, mai hawan dutse kuma tsuke su yake yi, ya ɗaga kan babur ɗin, saboda a tsaye yake tuƙi, yana kwantar da babur a gefe ɗaya don ya yanki gangare a karkace. Gasar hawan dutsen Snow King a Jackson Hole, wadda aka fara tun tsakiyar shekarun 1970, ita ce wurin da kowa ke kawo abin da ya ƙera a gani a ƙasa.

Amma aikin da ke raba gwani da ɗan koyo a cikin inji yake. Iska tana sirancewa in ana hawa, kuma inji yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, ta yadda a tsayin mita 3,000 kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Kafireto kuwa bai san an hau dutse ba, yana nan yana zuba man da ya saba, sai mai ya rinjayi iska, inji ya riƙa shaƙewa. Magani shi ne a kwance kafireto a sa jet mai ƙaramar ƙofa. Sai dai sanyi yana yin akasin abin da tsayi ke yi, domin iska mai sanyi ta fi kauri, don haka jet ɗin da ya yi daidai da rana tsaka a ƙololuwa zai iya yin kaɗan da asuba a gindin dutse, kuma injin da mai ya yi wa kaɗan zafi yake yi har fistin ya narke, inji ya buga. Shi ya sa mahayin wancan zamani yake yawo da 'yar jakar jet da takardar da ta jera lambar da ta dace da kowane tsayi da kowane sanyi. Yakan ba babur wuta sosai, ya kashe shi nan take, ya cire fulogi ya duba bakinsa: in ruwan ƙasa ne an dace, in baƙi ne mai toka mai ya yi yawa, in ya yi fari fat to a ƙara mai tun kafin a yi asara. Duk bakaniken babur a Kano ya san wannan karatu na fulogi. Bayan kafireto sai kuloci. Babur ɗin ƙanƙara ba shi da giyar da ake sauyawa, faifai biyu ne masu tsukewa da buɗewa da bel a tsakaninsu, kuma wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi da sifirin ne ke yanke lokacin tsukewar. Injin yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a wajen juyi 8,000 a minti ɗaya, in ya sauka ƙasa da haka da 'yan ɗaruruwa sai babur ya mutu a tsakiyar hawa. Tunda ƙarfi ya ragu a sama, dole a sa ƙarafa marasa nauyi don inji ya iya kai wa juyinsa, kuma bambancin giram biyu ko uku ana jin sa a gangare.

Sai da aka shafe shekaru ana wannan kafin kamfanoni su farga cewa akwai kasuwa. Ski-Doo ya fito da Summit a samfurin 1994, da bel mai inci 136 da na'urar da ke daidaita mai da tsayi da kanta. Polaris ya biyo da RMK a 1996. Daga nan tsawon bel ya riƙa ƙaruwa, 144, 154, 165, har 175, haƙora suka kai inci uku, kwamfuta ta karɓi aikin kafireto. Turbo, wanda ke cusa wa inji iska don ya manta yana kan dutse, ƙananan shaguna sun fi shekara goma suna ɗaura shi kafin Ski-Doo ya fito da nasa daga masana'anta a 2020, Polaris kuma a samfurin 2022. Kusan duk abin da ake tallatawa a matsayin sabuwar fasahar kamfani, wani ya riga ya ƙona fistin a kansa a garejinsa.

To mu dawo gida. Direban da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku ba ya shiga Tenere da Hilux yadda ta fito daga Japan. An ƙara mata ganyen sifirin, an ɗaura jarkokin mai da na ruwa, kuma da ya bar ƙasa mai tauri zai tsaya ya sace iskar tayoyi, abin da Bagnold ya gano ya rubuta. Tsofaffin Land Rover da ke hawa da sauka a tsaunin Mambila, inda tsayi ya haura mita 1,500, da wuya a samu wadda sassanta duka na kamfani ɗaya ne. Manyan motocin da suka yi dakon gyaɗa da shanu kai da ƙashi kawai ake shigo da su, kafintoci da maƙeran gida ne ke gina bodin katako daidai da kayan da za a ɗauka. Ɗan acaɓa ya tsawaita kujera ya sauya shokozoba, da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013 kuma sai hikimar ta koma kan A Daidaita Sahu. Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna makarantu ne na wannan ilimi, ko da ba sa ba da takardar shaida. Tambayar da ta rage ita ce me ya sa garejin Valcourt ya zama kamfanin da ya ƙera jiragen ƙasa da na sama, namu kuwa suna nan a inda kakanninsu suka bar su.

Wani zai ce amsar a fili take: irin wannan gyara ganganci ne, kuma shi ke kashe mutane a hanyoyinmu. Akwai gaskiya a ciki, kuma mutanen ƙanƙara ma sun biya nasu farashin. Babur ɗin da aka ƙara wa ƙarfi yana kai mutum gangaren da a da ba ya isa, inda dusa ke zaftarewa ta binne shi. A Disambar 2008 mahaya takwas suka mutu kusa da Fernie a British Columbia, a Maris na 2010 kuma zaftarewa ta afka wa taron masu gasa a dutsen Boulder kusa da Revelstoke, mutum biyu suka mutu, kimanin 30 suka ji rauni. Abin lura shi ne ba a hana gyaran ba. An ƙara masa abin da ya rasa: hasashen haɗarin zaftarewa da ake fitarwa kullum, horo, na'urar da ke nuna inda aka binne mutum, jakar da ke kumbura ta ɗago shi. Haɗarin gyara yana zuwa ne in an taɓa abu ɗaya an manta da abin da ke rataye da shi. Wanda ya ƙara sifirin don mota ta ɗauki ninkin kayanta bai ƙara mata birki ba. Haka bakaniken da ke karɓar 'yar Kwatano ya cire 'yar na'urar da ke tsare ruwan lagireto har inji ya ɗumama, ya haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa motar ta ƙasar sanyi ce. Tunanin daidaita mota da ƙasa daidai ne, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Sai dai bai auna ba, kuma sakamakon shi ne injin da ba ya kai zafin aikinsa da safiyar hunturu, yana shan mai yana cin kansa a hankali.

Wani kuma zai ce duk wannan kwaskwarima ce a kan injin wasu, kuma wanda bai ƙera inji ba bai ƙera komai ba. Tarihin Ski-Doo bai goyi bayan wannan ba. Bombardier sayen inji ya yi daga wasu kamfanoni, daga 1962 kuma daga Rotax na ƙasar Ostiriya, sai a 1970, bayan rasuwarsa da shekara shida, kamfaninsa ya yi ƙarfin da ya saye Rotax ɗin. Abin da ya mallaka shi ne ƙafar, wato sashen da ke taɓa ƙasarsu, wanda ba wanda ya san shi kamarsa. Mu kuwa ta ɗaya gefen muka faro. A shekarun 1970 gwamnati ta kawo masana'antun harhaɗa motoci, Peugeot a Kaduna a 1975, Fiat a Kano, Steyr a Bauci, ana shigo da sassa a akwati ana ɗaurawa bisa zanen da aka yi a Turai, kuma ba a gina wata gada tsakaninsu da masu gyaran bakin titi ba. Da darajar naira ta karye a shekarun 1980 sai akwatunan suka daina zuwa yadda suka saba. Inda wannan suka take da ƙarfi shi ne batun dogaro. Masanin al'adu Pertti Pelto ya nuna a littafinsa na 1973 yadda babur ɗin ƙanƙara ya shiga cikin makiyayan Sami na arewacin Finlan cikin 'yan shekaru, ya mayar da mutanen da dabbobinsu ke ja musu kaya masu neman kuɗin mai da kayan gyara, masu hali suka yi gaba, marasa hali suka fita daga kiwo. Masu raƙuman gishirin Bilma da suka ga manyan motoci sun shigo hanyarsu ba sa buƙatar a fassara musu wannan. Amma dogaron ya fi tsanani ga wanda ko gyaran ba ya iyawa.

Bambancin da nake gani na awo ne da rubutu da kuma mai saye. Mahayin Wyoming yana da agogon juyin inji da takardar jet, in ya gano abu sai ya zama lamba da wani zai iya maimaitawa a wani gari. Bombardier ya yi rajistar abin da ya ƙirƙira, don haka ya zama dukiyar da banki ke ganewa. Bagnold ya auna rairayin da ya kafe a ciki har ya rubuta littafi a kansa a 1941, wanda masu binciken duniyar Mars ke amfani da shi, har suka sa wa wasu tuddan rairayi na can sunansa. A wajenmu ilimin yana kunnen oga da yatsunsa, yaro ya yi shekaru yana kallo kafin a yaye shi, in ogan ya rasu rabin abin ya bi shi. Lokacin da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a 2007, jaridun duniya sun ɗauka, aka yi mamaki aka wuce. Likitocin Kebek ba mamaki suka yi wa Bombardier ba, kuɗi suka ba shi suka ce ya ƙera musu, suka dawo suka faɗa masa inda ta lalace.

Yanzu batun ya sake tasowa ta wata ƙofa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, masu janareto suka shiga sauya kafireto don ya sha gas ɗin girki, masu motoci da A Daidaita Sahu kuma ana kiransu su koma gas ɗin mota. Wannan aikin daidaita inji ne tsantsa, irin na mai jakar jet: gas ba ya ƙonewa kamar fetur, yana son a matsar da lokacin tartsatsin fulogi, yana busar da bawul, ƙarfin inji yana ɗan raguwa, nauyin tukunyar kuma yana sauya zaman motar a kan sifirin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya auna shi a zafin Kano da ƙurar hunturunta a rubuta, kuma kwalejojin fasaha da ke garin suna da kayan awon da garejin ba shi da su. Akwai kuma sashen da kunne da yatsa ba su da abin cewa a kansa. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin, hukumomi suka ce tukunyar da aka ɗaura mata haɗin walda ce da ba a tantance ba. Tukunyar gas ɗin mota tana riƙe matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 200, tukunyar girki kuwa ba a ƙera ta don ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba.